Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani da Farfaɗowar Wani Tsohon Ilmi

Gabatarwa

Kalmar nan "ƙwayar cuta" da ake amfani da ita a Hausa a yau laima ce guda wadda aka tara halittu iri-iri a ƙarƙashinta, alhali babu abin da ya haɗa su in ban da ƙanƙanta da cutarwa. Muddin zancen yau da kullum ake yi, wannan bai zama illa ba. Amma duk wanda zai yi bayani a kan magungunan da likitoci ke kira antibayotik, tilas ne ya fara rarrabe biyu daga cikin halittun nan. Akwai bakteriya, watau halitta mai cin gashin kanta, wadda ke ci ta girma, sa'an nan ta rabu biyu ta hayayyafa. Ita ce ke kawo taifod da kwalara da tarin fuka da ciwon sanyi, ita ce kuma ke ruɓar da gyambo. Akwai kuma bairas, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin wata halitta ya mai da ita masaƙarsa. Mura da ƙyanda da shan-inna duk aikinsa ne. Shi antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa, ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Ke nan fassarar da aka saba yi masa, watau "maganin kashe ƙwayoyin cuta", ta ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, kuma mai mura da ya nufi kemis ya sayi kafso bai saɓa wa ma'anar kalmar ba.

Wannan maƙala za ta duba yadda bakteriya ta koyi bijire wa antibayotik, da hanyoyin da masana ke nema don maye gurbinsa ko tallafa masa. Za a fi tsayawa a kan hanya guda, wadda ta girmi antibayotik ɗin kansa, wadda kuma siyasa da bambancin harshe suka taimaka wajen binne ta har tsawon rabin ƙarni: amfani da wani irin bairas mai cin bakteriya.

Yadda magani ya soma dakushewa

A shekarar 1928 ne Alexander Fleming, a asibitin St Mary's da ke Landan, ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya ta kashe duk wadda ke kusa da ita. Daga nan aka sami fenisilin. Sai dai bai zama magani a hannun likitoci ba sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka tace shi, suka fara gwada shi a kan mutane a 1941. Abin lura shi ne tun a 1940, kafin a kai ga wannan gwaji, Chain da Edward Abraham sun riga sun ba da rahoton wani sinadari da wasu bakteriya ke fitarwa mai lalata fenisilin. A laccar da Fleming ya gabatar sa'ad da aka ba shi kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi maganin a kanti, ya sha abin da bai kai kima ba, ya horar da ƙwayoyin da ke jikinsa su zama masu taurin kai.

Dalilin bijirewar ba shi da wuyar fahimta. Wasu bakteriya kan rabu biyu cikin minti 20 in sun sami wuri mai daɗi, don haka guda ɗaya kan iya zama miliyoyi kafin gari ya waye. A cikin irin wannan taro ba a rasa 'yan kaɗan da aka sami sauyi a ƙwayoyin gadonsu, sauyin da ya sa magani ba ya kama su: wata ta lalata maganin, wata ta toshe ƙofar da yake shiga, wata kuma ta tofar da shi waje da zarar ya shigo. Idan aka sha magani, sai raunana su mutu, masu taurin kan su gaje filin. Wannan hali bai fara da zuwan likitancin zamani ba, domin a 2011 an ba da rahoton gano ƙwayoyin gado na bijirewa a cikin daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000 a arewacin Kanada. Galibin antibayotik daga halittun cikin ƙasa aka samo su, kuma sun daɗe suna yaƙar juna da su. Abin da ɗan Adam ya yi shi ne ya watsa makamin a ko'ina: a asibiti, a kasuwa, har da abincin kaji da aladu don su yi saurin ƙiba, al'adar da Tarayyar Turai ta hana a 2006.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da masanan Japan suka gano a ƙarshen shekarun 1950, sa'ad da suke binciken cutar atuni. Sun ga cewa bakteriya na iya miƙa wa wata dabarar bijirewa kamar yadda ake ba da aron laya, ko da kuwa ba jinsinsu ɗaya ba. Ke nan wadda ke zaune lafiya a hanjin mutum ba ta cutar da kowa tana iya koya wa mai kisa yadda za ta tsira. Da wannan ne tarihin ya zama tsere. An fito da metisilin don maganin waɗanda suka gagari fenisilin, a 1961 aka ga masu gagararsa a Ingila. A 2008 aka gano wata dabara mai lalata rukunin magungunan da akan adana don ranar da komai ya ƙi, a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda ya taɓa kwanciya asibiti a New Delhi. Aka raɗa mata suna NDM-1 da sunan birnin, abin da hukumomin Indiya suka nuna rashin jin daɗinsu a kai, domin ba wanda ke son a yi wa cuta laƙabi da garinsu. A 2016 kuwa wata dattijuwa ta rasu a jihar Nevada ta Amurka, da aka gwada bakteriyar da ta kashe ta sai aka tarar ta bijire wa magunguna 26, watau duk waɗanda ake da su a ƙasar don irin wannan ciwo.

Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, adadin da ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a wannan shekara. Yankin da abin ya fi ƙamari shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane 100,000.

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana a ci gaba da ƙera sababbi? Amsar tana ga kasuwa. Sabon antibayotik mai kyau likitoci ɓoye shi suke yi don kada ya dakushe, kuma wanda ya sha shi kwana bakwai ya warke ba zai dawo saye ba, saɓanin mai hawan jini da ke saye har ƙarshen ransa. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami izinin sayar da sabon maganinsa a 2018, ya karye a 2019.

Hanyoyin da ake nema

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce rigakafi, tun da cutar da ba ta kama mutum ba ba ta bukatar magani. Allurar MenAfriVac da aka soma yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka kuma kawo Nijeriya a 2011, ta kusa shafe nau'in sanƙarau na A, wanda a da shi ne ke cika asibitoci a lokacin zafi. Haka kuma, bayan da wani taifod mai gagarar kusan duk magunguna ya ɓarke a lardin Sindh a 2016, Pakistan ta shigar da sabuwar allurar taifod cikin rigakafin yara a 2019.

Wata hanyar kuma ta shafi masu nazarin harshe kai tsaye. A 2015 wata masaniyar tsohon Ingilishi a Jami'ar Nottingham, Christina Lee, ta fassara wani haɗin maganin ido daga wani littafin ɗibbu na ƙarni na 10 da ake kira Bald's Leechbook: tafarnuwa da wani dangin albasa da giya da ruwan matsarmamar sa, a bar su kwana tara. Da masu binciken ƙwayoyin cuta suka haɗa shi bisa ƙa'idar littafin, sai ya kashe bakteriyar nan mai gagarar metisilin a ɗakin gwaji, alhali kowane ɗaya daga cikin kayan haɗin shi kaɗai bai yi wannan ƙarfi ba. Wahalar aikin tana wajen tantance wace shuka wata tsohuwar kalma ke nufi, kuma wannan aikin mai nazarin harshe ne. Irin wannan tambaya tana jiran duk wanda zai duba rubuce-rubucen ɗibbu na malaman ƙasar Hausa, irin waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bari. Sai dai a yi hattara: abin da ya kashe bakteriya a faranti bai zama magani ba tukuna.

Maci-bakteriya

A 1915 wani likita ɗan Ingila, Frederick Twort, ya ba da rahoton wani abu marar ganuwa da ke narkar da bakteriya, amma yaƙi da rashin kuɗi suka hana shi ci gaba. Shekara biyu bayan haka, a 1917, Félix d'Hérelle, wanda ke aiki a Cibiyar Pasteur ta Paris, ya gano abu guda ta tasa hanyar. Shi wannan bawan Allah ba shi da digirin likita, da kansa ya koyi aikin, ya kuma yi yawon duniya yana binciken cututtuka, har da na fara a Meziko. Ya ɗebi bayan gidan masu murmurewa daga atuni, ya tace shi da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, ya ɗiga ruwan cikin kwalbar da ta yi duhu da bakteriyar atuni. Kashegari ya tarar da ruwan kwalbar ya washe tas. Ya yanke hukuncin cewa wata halitta ce mai hayayyafa, ya raɗa mata suna bakteriyofej, daga kalmar Girkanci mai nufin ci. Da Hausa ana iya cewa maci-bakteriya, a taƙaice kuwa fej.

Shi fej bairas ne. Yakan lafe a jikin bakteriya, ya tsira mata ƙwayoyin gadonsa, ya tilasta ta ƙera irinsa masu yawa, sa'an nan ta fashe su fito su nemi na gaba. Abubuwa biyu suka bambanta shi da antibayotik. Na farko, yana ƙaruwa a inda cutar take, idan kuma ta ƙare shi ma ya ƙare. Na biyu, yana da zaɓe ƙwarai: kowane fej akwai irin bakteriyar da yake ci, wani lokaci ma dangi guda cikin jinsi guda. Antibayotik kamar gobarar daji yake, yana cin ƙaya da amfanin gona, domin yakan kashe har da bakteriya masu amfani da ke cikin hanji. Fej kuwa maharbi ne da ya san abin da ya fito nema. Ba a kuma wahalar samunsa, don masana sun ƙiyasta yawansa a duniya da lamba 1 mai sifiri 31 a bayanta. Yana cikin kogi da teku da ƙasa, ya fi kuma yawa a ruwan kwata.

A 1919 d'Hérelle ya sha ruwan fej da kansa don nuna ba ya cutarwa, sa'an nan aka ba wani yaro ɗan shekara 12 mai atuni a wani asibitin yara na Paris, ya warke. Cikin shekarun 1920 da 1930 abin ya yaɗu, aka gwada shi a kan kwalara a Indiya, kamfanoni a Faransa da Amurka suka shiga sayar da shi a kwalabe. A nan ne kuma aka ɓata shi. Ba wanda ya taɓa ganin fej da ido sai a 1940, bayan ƙera madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, don haka masana da yawa suna musun cewa halitta ce. An riƙa ba da fej ɗin da bai dace da cutar ba, wasu kwalaben ma abin da ke ciki ya riga ya mutu, wasu kuma ana tallarsu don cututtukan da ba na bakteriya ba ne. Wani rahoto da Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sa aka rubuta a 1934 ya ce hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi. Da fenisilin ya zo, wanda likita zai iya bayarwa ba tare da ya san sunan bakteriyar ba, sai Turai ta Yamma da Amurka suka juya wa fej baya. D'Hérelle ya rasu a 1949 ba a damu da shi ba.

Amma ilmin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Wani ɗan ƙasar Jojiya, George Eliava, wanda ya yi aiki da d'Hérelle a Paris, ya kafa cibiyar bincike a birnin Tibilisi a 1923, har d'Hérelle ya je ya zauna can na ɗan lokaci a shekarun 1930. A 1937, zamanin kashe-kashen Stalin, aka kama Eliava aka harbe shi, duk da haka cibiyar ta ci gaba, kuma sunansa take ɗauke da shi a yau. Tarayyar Sobiyet ta yi amfani da fej wajen jinyar raunukan sojojinta a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma riƙa sarrafa shi da yawa bayan yaƙin. A 1963 zuwa 1964 aka yi wani gwaji a Tibilisi da yara 30,769: na wannan gefen titi aka ba su ƙwayar fej ta rigakafin atuni sau ɗaya a mako, na wancan gefen ba a ba su fej ba. Atuni ya kama waɗanda ba a ba wa ba kusan ninki huɗu na waɗanda aka ba. Sakamakon gwaji mai wannan girma ya fito a 1968, a ɗan gajeren rahoto da harshen Rashanci.

Lalle akwai aibi a yadda aka tsara da yawa daga cikin gwaje-gwajen Sobiyet, kuma masu sukarsu suna da hujja. Amma yawancin masanan Yamma ba su kai ga suka ba, domin ba su karanta ba. An rubuta aikin da Rashanci da Jojiyanci, na cibiyar Hirszfeld da ke Wroclaw kuma wani sashensa da Folanci, a zamanin da Ingilishi ke zama harshen kimiyya, a kuma lokacin yaƙin cacar baki, sa'ad da duk abin da ya fito daga wancan ɓangare ake kallonsa da zargi. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci masanan Amurka suna amfani da fej ɗin nan a ɗakunan gwajinsu don gano sirrin gado, ba tare da sun ɗauke shi magani ba.

Dawowarsa

Labarin da ya fi jawo hankalin likitocin Yamma shi ne na Tom Patterson, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Ya kamu da rashin lafiya a Masar a ƙarshen 2015, aka tarar da wata bakteriya mai suna Acinetobacter baumannii a cikinsa wadda ta gagari magungunan da aka gwada, har ya shiga dogon suma. Matarsa, Steffanie Strathdee, masaniyar yaɗuwar cututtuka, ta roƙi masu bincike a Texas da na rundunar sojan ruwan Amurka su nemo fej ɗin da zai ci wannan bakteriya. A watan Maris na 2016 aka sa masa ta jijiya, bayan 'yan kwanaki ya farfaɗo. A 2018 jami'ar ta buɗe cibiyar jinya da fej. A 2019 kuma aka buga rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan, wadda wata 'yar uwar bakteriyar tarin fuka ta mamaye jikinta bayan dashen huhu. An yi mata jinya da fej iri uku daga taskar Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh, taskar da ɗalibai suka tara. Ɗaya daga ciki a jikin ruɓaɓɓen yalo aka samo shi a Durban ta Afirka ta Kudu. Raunukanta suka soma rufewa.

Bakteriya tana bijire wa fej kamar yadda take bijire wa antibayotik, ko a jinyar Patterson ma sai da aka sake nemo wani. Bambancin shi ne fej ma yana sauyawa, kuma bijirewar takan ci wa bakteriya tsada. Masu bincike a Jami'ar Yale sun samo wani fej a wani tafki na Connecticut wanda ke shiga bakteriya ta ƙofar da take tofar da magani. In ta rufe ƙofar don ta tsere masa, magani ya kama ta. In ta bar ta a buɗe, fej ya shiga. Gaba kura, baya sigaki.

Duk da haka, labarin mutum ɗaya da ya tashi daga bakin mutuwa ba hujja ba ce a likitanci, domin ba a cika buga labarin waɗanda ba su tashi ba. Gwajin PhagoBurn da aka yi a Faransa da Beljiyam tsakanin 2015 da 2017 a kan masu ƙuna 27 ya nuna fej ya fi maganin da aka saba jinkirin aiki, daga baya aka gano cewa mafi yawansa ya mutu a kwalba kafin ya isa ga majinyata, watau kuskuren shekarun 1930 ne ya maimaitu. Beljiyam ta ɗauki wata hanya tun daga 2018: ta yarda mai haɗa magani ya haɗa wa kowane majinyaci nasa fej bisa umarnin likita. A 2024 masananta suka buga sakamakon jinya 100 a jere: an sami sauƙi a kashi 77 cikin ɗari, an kawar da bakteriyar a kashi 61. Sun kuma lura cewa kawar da ita ya fi wuya ainun idan ba a haɗa da antibayotik ba. Abin da hujjar da ke hannu ke nunawa ke nan: fej mataimaki ne ga antibayotik, bai kai ga ya gaje shi ba.

Zaɓen nan nasa, wanda shi ne falalarsa, shi ne kuma sharaɗinsa mafi nauyi. Kafin a ba majinyaci fej, sai an ɗebi jininsa ko fitsarinsa ko ruwan gyambonsa, an reni bakteriyar, an san ko wace ce, an kuma gwada ta da fej iri-iri har a dace. Ɗanyen kayan yana nan a kowace kwata ta Kano ko Damagaram, kuma mai yiwuwa fej ɗin da ya fi dacewa da bakteriyar wani gari a ruwan garin yake. Ɗakin gwajin ne babu. Wani bincike da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022, wanda ya shafi ƙasashe 14 ciki har da Nijeriya da Gana da Kamaru, ya tarar cewa daga cikin ɗakunan gwaji kimanin 50,000 da ke ƙasashen, kashi 1.3 cikin ɗari ne kacal ke gwajin bakteriya.